Shekarar da Siton Taba Ya Zama Wayam

Shekara ashirin da bakwai Eneless Mbewe ta yi tana ƙidayar dilolin taba a wani sito da ke Kanengo, a gefen Lilongwe, ba ta taɓa sa sigari a bakinta ba. Amma ko a coci ta zauna, wadda ke kusa da ita sai ta gane inda take aiki, don ƙanshin busasshen ganye ya shige mata gashi da zani, sabulu ya daɗe da sallamawa. Gajeriya ce mai saurin tafiya, kullum da guntun alli soke a ɗankwalinta. Aikin nata ba na a zo a gani ba ne. In an rufe kasuwar gwanjo a ƙarshen Agusta, ita ce ke bin layi-layi tana ɗiga wa kowace dila alli, har ta san nawa suka rage ba a kwashe ba. Ta miƙa adadin ga shugabanta, Bambo Kaphuka, shi ya tura sama, a haɗa da na sauran wuraren ajiya, bayan wata biyu a ji a rediyo cewa tabar da ƙasa ta ajiye bana ta ƙaru ko ta ragu. Kafin rediyo ta buɗe baki, Eneless ta riga ta sani.

A wani ƙauye na Mchinji aka haife ta, tafiyar rabin yini a keke zuwa iyakar Zambiya. Tana shekara takwas ubansu ya rasu, ya bar rumfar shanya taba da rufinta ya zube gefe guda, da uwa mai ciwon ƙafa, da wanta Limbikani ɗan shekara goma sha bakwai. Sati biyu bayan jana'iza Limbikani ya hau ya gyara rufin, ya yi dashe a kan lokaci, ya sa ƙanwar tasa tsire ganye a igiya. Danƙon ganye ya baƙanta mata hannu, kuma duk safiyar da ta tsinki jiƙaƙƙen ganye sai jiri ya kwashe ta, ta zaga bayan rumfa ta yi ta amai. Ran da ya same ta a haka, ya tsuguna ya dube ta.

"Ke dai wannan aikin ba naki ba ne. Dubi yadda kika koma kamar kazar da ruwa ya daka. Gobe ki koma makaranta."

Ta ce to wa zai tsire masa ganyen.

Ya ce, "Yatsuna goma ne, kuma ba wanda ya ari ko ɗaya."

Da taba ya biya mata makaranta har aji biyu na sakandare. Lissafi ne abin da kanta ya fi ja, shi ya sa ya laƙaba mata Akawu tun ba ta taɓa ganin cikin ofis ba. Ta auri wani direban babbar mota ya kai ta Lilongwe, suka haifi 'yan mata biyu, sai hanyar Beira ta cinye shi a wani hatsari. Wani abokin mijin ne ya nemo mata aikin sito da ya ji ta iya ƙidaya. Gonar uwarsu kuwa, a al'adarsu 'ya'ya mata ne ke gadonta, don haka kaso mafi kyau na Eneless ne, amma Limbikani ke noma mata shi masara. Kowane watan Mayu buhu shida ke iso mata a saman motar taba, da sunanta rubuce da gawayi. Da wannan masarar ta raini 'ya'yanta.

Duk shekara, da an rufe kasuwa, kafin a zuba irin taba a wurin reno, sai ta hau bas ta tafi gida da sukari da burodi da sandar sabulu. Limbikani zai bari ta wanke hannu, ta ci tuwon masara da ganyen kabewa, ta gaida dattawa, sannan ya jawo kujerarsa gindin mangwaro.

"To, Akawu. Yaya cikin naku? Ya ƙoshi ko da saura?"

Siton yake nufi. In ta ce ya cika har ana jibge diloli a baranda, sai ya rage tabar da zai dasa, ya ƙara gyaɗa da masara. In ta ce ana hango bango ta kowane gefe, sai ya ƙara kunyoyi ɗari ko ɗari biyu. Shekara da shekaru abin bai taɓa yi masa ƙarya ba. Ya rufa gidansa da kwano, ya sayi keke da rediyo da awaki, ya sa 'ya'yansa makaranta. Maƙwabta suka lura. Da an ga Eneless ta sauko daga bayan ɗan keken haya, kafin ta gama cin abinci maza sun fara taruwa da ƙafa ɗai-ɗai, kowa da uzurin da ya kawo shi, har mai gari ya riƙa aiko mata da kujera. Ita kaɗai ce macen da ake ba kujera a irin wannan zama. Matar Limbikani, da kowa ke kira Nankhoma, takan leƙo daga madafi ta ce, "Ku matsa mata, rediyon Lilongwe ta iso." Eneless ta yi dariya, amma tana jin daɗin abin, ba ta ɓoye wa kanta ba. Gani take yi ta samu hanyar da za ta rama wa wanta wani abu.

Shekarar da ta cika shekara ashirin a aiki, ruwa ya ɗauke da wuri a wurare da yawa, taba ta yi ƙaranci, masu saye suka share komai har da karmami. Inda ta saba ƙirga dila dubu takwas ko tara, ɗari huɗu da 'yan kai ta samu. Lebura suka baje katakon dararsu a tsakiyar sito, wurin da a da ko kyanwa sai ta yi dabara take wucewa. Bambo Kaphuka ya sauko daga ofis ya tsaya, ya yi tari, tarin ya dawo masa daga bango.

"Nambewe," ya kira ta da sunan danginta kamar yadda ya saba, "tun da na fara aiki ban taɓa jin muryata sau biyu a ɗakin nan ba. Baɗi duk wanda ya kawo ganye, ko na gwanda ne, sai an saya."

Da wannan maganar ta hau bas. Ko tuwon ba ta gama ci ba ta ce, "Yaya, babu komai. Wayam. Na gama ƙidaya kafin shayina ya huce. Ka dasa duk inda fartanya za ta shiga."

Limbikani ya sosa ƙeya. Nankhoma da ke ɓarar gyaɗa a gefe ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Ni dai ban taɓa ganin an tuƙa taba an ci da wake ba."

Eneless ta ce, "Dila ɗaya za ta saya miki masara buhu goma, ki zauna ki miƙe ƙafa."

"Ƙafata ba ta kai ƙara wajenki ba."

Limbikani ya ce, "Shekarata hamsin da bakwai, Akawu. Ban taɓa barin rumbuna ya jira kasuwa ba."

"Sau ɗaya ne, Yaya. Irin wannan ba ta zuwa sau biyu. Ka dasa har gonata. Ni ce mai ita, ni na ce."

Ya daɗe yana kallon gonar daga inda yake zaune. Sannan ya yi murmushi ya ce, "In ta ɓaci, ke za mu dafa."

"Za ku sha wuya, ba ni da nama."

Aka yi dariya, har Nankhoma ta ɗan taya. Da yamma maza suka taru, Eneless ta maimaita musu abin da ta gani, ta ƙara da maganar ganyen gwanda, suka yi ta tafa hannu. A Disamba Limbikani ya dasa taba a gonarsa da ta ƙanwarsa, ya bar wa masara wani ɗan tsiri a bayan gida. Ya ƙara wa rumfa tsawo. Ruwa kuwa ya zo kamar an auna shi, ganye ya buɗe kamar faifai.

Abin da Eneless ba ta sa a lissafinta ba shi ne, kowane sito yana da mai ƙidayarsa, kowane mai ƙidaya kuma yana da ƙauye. Daga baya rediyo ma ta faɗa wa kowa. Tun daga Rumphi can arewa har Ntcheu can kudu mutane sun tuge masara a zuciyarsu sun sa taba. Su kuma masu saye na ƙetare, da suka ga ƙarancin bara, sun riga sun ƙulla da wasu ƙasashen. Ita sito ɗaya ta sani, a ƙasa ɗaya ƙarama.

Da aka buɗe kasuwa a Afrilu, layin motoci ya tashi daga ƙofa ya wuce gidan mai na biyu. Direbobi suka kafa murhu a ƙarƙashin motocinsu, suna shanya wanki a jikin madubi. Dila talatin da ɗaya na Limbikani sati huɗu suka yi a layi kafin a sauke su. Ya biyo su birni, yana kwana a tabarma a falon Eneless, da safe ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci su fita tare.

Ranar da aka jera nasa, ta bar aikinta ta tsaya kusa da shi a bayan igiyar da ake tsayar da manoma. Masu saye kan bi layi da sauri, mai gwanjo a gabansu yana zubo magana kamar an buɗe famfo, dila ɗaya ba ta ɗaukar su numfashi uku. Suka iso nasa. Ba wanda ya ɗaga yatsa. Suka wuce talatin da ɗayan kamar an jera musu duwatsu, magatakarda na biye yana ja wa kowace takarda jan layi. Limbikani ya cire hularsa, ya duba cikinta, ya mayar.

"Wataƙila sauri suke yi," ya ce.

Bayan kwana goma aka sake jerawa. Wannan karon wani ya taya, amma tayin da in an cire kuɗin mota da na algarara da na sito ba abin da zai rage sai takardar. Limbikani ya ƙi. Karo na uku ko kallon layin ba su yi ba.

Eneless ta hau bene wajen Bambo Kaphuka. A shekara ashirin da ɗaya ba ta taɓa roƙonsa komai ba, ko izinin zuwa asibiti. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya tashi ya buɗe tagar da ke kallon cikin sito. Diloli sun hau kan juna har sun kusa taɓa kwano.

"Kin ga layi na tara can? Na surukina ne. Kwana biyar matata tana ajiye mini abinci ba tare da ta ce ga shi ba." Ya rufe tagar. "Na duba na wanki da hannuna, Nambewe. Babu abin da ke damun ganyen. Yawa ne ya yi."

Abin da ya iya yi ya yi. Ya sa aka ɗora su kan katako a wuri mai iska, nesa da bango, su jira baɗi.

Ta raka Limbikani tasha. Ta saya masa burodi biyu da sukari, ta cusa masa 'yan kwacha, kuɗin ƙasar, a aljihun kwat. Duk hanya ba ta iya haɗa ido da shi ba.

"Ki daina wannan fuskar, Akawu, mutane za su ce na dake ki."

"Ni na faɗa maka."

"Kin faɗi abin da idonki ya gani. Ke kika riƙe mini fartanya?" Ya ɗora ƙafa ɗaya a bas, ya juyo. "Ki riƙa sa a juya su. Kada fumfuna ta shiga, na sha wuya a kansu."

Ƙidayar ƙarshen wannan shekarar kwana tara ta ɗauke ta, alli ya ƙare sau uku. A rana ta bakwai ta iso nasa. Ta gane su tun daga nesa, don shi kaɗai ke rubuta lambarsa da irin wannan bakwai mai wutsiya. Ta ɗiga musu alli ɗaya bayan ɗaya kamar na kowa, ta rubuta a takarda, ta wuce.

A Satumba ba ta je gida ba, karo na farko tun da ta fara aiki. Ta ba wani direba sukarin da sabulun ya kai. Ta ce wa kanta aiki ne ya yi yawa, amma ta san gindin mangwaron take gudu, da fuskokin mutanen da suka tafa mata. Aka rage wa ma'aikatan sito albashi zuwa rabi har sai kasuwa ta dawo. Masara kuwa ta yi tsada irin wadda ba a taɓa gani ba, don waɗanda suka saba sayarwa su ma saye suke yi. Ta takura ta aika buhu ɗaya a Oktoba, ɗaya a Disamba. Baki tara ne a gidan Limbikani in an haɗa da jikoki. Masarar ɗan tsirin bayan gida ta ƙare tun Nuwamba. Awaki suka tafi a kuɗin kaji, rediyo ta bi su. A Janairu ɗanyen mangwaro ake dafawa, da kunun dusa sau ɗaya a yini.

Farkon Fabrairu ya kira ta da wayar wani maƙwabci.

"Akawu, zan ɗan leƙa ƙetare. An ce manyan gonakin Zambiya na neman masu noma, kuma da masara suke biya."

"Yaya, da shekarunka?"

"Keken ne tsoho, ba ni ba."

"Ka jira ƙarshen wata, zan aiko da abin da ya samu."

"Ni zan iya jira. Jikokin nan ne ba su san ƙarshen wata ba." Sai ya ce, "Yaya mutanen nawa? Suna lafiya?"

Dilolinsa yake nufi. Ta ce suna lafiya, jiya ma aka juya su.

"To madalla. Su dai suna kwana a kan katako, an fi mu gata." Ya yi dariya, kuɗin wayar ya ƙare.

Sati uku ya yi yana noma a gonar wani. Waɗanda suka yi aiki tare da shi sun ce rabin abincin ranarsa yake ci, rabin ya sa a ƙara masa a awo. Aka sallame shi da buhu ɗaya da rabi. Ya ɗaure a keke, ya turo, don nauyin ya fi ƙarfin a hau. Saura tafiyar awa biyu ya iso gida, da rana tsaka, ya jingine keken a jikin wata bishiya, ya zauna ya jingina shi ma. Wasu mata da za su rijiyar burtsatse suka gaishe shi, ya ɗaga musu hannu. Da suka dawo da ruwa yana nan yadda suka bar shi, hularsa ta faɗo kan cinyarsa. A amalanke aka kawo shi gida, shi da keken da masarar.

Ranar Talata ce, wajen ƙarfe goma na safe, Eneless tana tsaye kan lebura suna juya diloli, babban ɗansa Yamikani ya kira. "Gwaggo," ya ce. Ba ta bari ya ƙarasa ba. Ta cire allin daga ɗankwalinta ta ajiye kan wata dila, ta fita. Sai a tasha ta lura da rigar aiki a jikinta.

Tun daga kwanar ƙauye an shimfiɗa ɗanyun rassa a kan hanya, alamar gidan makoki. Maza na zaune a waje. Waɗanda suka saba tashi su ba ta wuri suka sunkuyar da kai. Wani tsoho da shi ma tabarsa ke jibge a wani sito ya ce, ba da ƙarfi ba amma yadda za ta ji, "Yau rediyo ba labari?" Wani ya zungure shi. Ta wuce ɗakin mata, ta zauna a ƙasa gefen gawar wanta. Ya rame har sai da ta nemi tabon da ke goshinsa kafin zuciyarta ta yarda shi ne.

A al'ada kowane gida kan kawo kwanon gari don ciyar da masu makoki. Wannan karon ba gidan da ke da shi. Buhun da ya turo aka kwance, aka kai inji, aka tuƙa wa jama'ar da suka zo binne shi. Bayan an dawo daga maƙabarta Nankhoma da kanta ta ɗauko kwano ta ajiye a gaban Eneless. Idonta a bushe yake, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ki ci, Akawu. Daga Zambiya ya turo shi. Ai ke ma kina cikin waɗanda yake ciyarwa."

Eneless ta wanke hannu, ta gutsuri loma ɗaya, ta kai baki. Ta daɗe tana juya ta kafin ta wuce. Ba ta ƙara ta biyu ba, ba wanda kuma ya ce ta ƙara.

Wata biyu bayan haka aka buɗe kasuwa. Mutane sun tsorata, ba wanda ya dasa abin kirki, filin gwanjo rabinsa a share. Tun makon farko masu saye suka ce a fito musu da ajiyar bara. Aka jera na Limbikani ranar wata Alhamis, kafin ƙarfe tara an sayar da talatin da ɗayan a farashin da bai taɓa gani ba duk tsawon rayuwarsa. Ɗaya daga cikin masu sayen har ya tsaya, abin da ba su cika yi ba. Ya zaro damin ganye, ya buɗe shi ga haske, ya shinshina, ya tambayi Bambo Kaphuka ko za a iya haɗa shi da manomin, yana son su ƙulla tun yanzu don baɗi. Bambo Kaphuka ya juyo ya dubi Eneless.

Ta ce, "Ya daina noma."

Ta zaga bayan sito inda ake tara karyayyun katako, ta zauna. A nan kukan da bai zo mata a gidan makoki ba ya same ta. Har aka tashi cin abincin rana ba wanda ya je ya kira ta.

Da kanta ta kai wa Nankhoma takardar cinikin. Nankhoma ba ta karatu, don haka Eneless ta karanta mata a tsaye a bakin ƙofa, ba a ce ta shigo ba. Da ta gama ta kasa yin shiru.

"Wata biyu kacal. Da a Fabrairu ne, ko dila uku aka saya a haka, da…"

"Ki daina lissafi a gidan nan," in ji Nankhoma. Ta karɓi takardar ta ninke ta ɗaure a bakin zani.

Da kuɗin suka zo, dangi suka so a fara da dutsen kabari. Nankhoma ta ce kabarin ba ya jin yunwa. Masara ta saya, buhu ashirin da wani abu, ta sa aka jera a ɗakin da yake kwana har ƙofar ba ta buɗuwa sosai. Sai shekara ta biyu aka yi dutsen.

Eneless ta ƙara shekara shida a sito. Adadin ya ci gaba da halinsa, wata shekara ya hau, wata ya sauko, wata ya tsaya kamar yana tunani. Ta ƙirga, ta miƙa, ba ta ƙara furta shi ga kowa ba. Har 'ya'yanta in sun tambaya sai ta ce ba ta riƙe ba. Bambo Kaphuka ya yi ritaya. Aka kawo wata 'yar na'ura da ake haska takardar dila da ita ta ƙirga da kanta, aka yi wa Eneless ɗan biki da lemo da biskit, aka ba ta bargo da agogon bango. 'Ya'yanta, ɗaya a Lilongwe ɗaya a Blantyre, kowace ta ce ta zo ta zauna wajenta. Ta ƙi. Ta koma ƙauye ta gina ɗaki ɗaya a gefen gonarta, taku ashirin daga ƙofar Nankhoma.

Masara take nomawa da gyaɗa da ɗan waken suya. Ita da Nankhoma suna gaisawa da safe, suna aron gishiri, suna taya juna noma in ciyawa ta yi ƙarfi. Tsokanar da ke tsakaninsu a da ba ta dawo ba. Nankhoma ba ta taɓa cewa ta yafe ba, ba ta kuma ƙara tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Amma in sanyin Yuni ya tayar wa Eneless da tarin da ƙurar sito ta bar mata a ƙirji, Nankhoma kan damo kunu ta kawo, ta zauna a bakin ƙofa tana ɓarar gyaɗa har sai ta ga an shanye.

Shekara uku da suka wuce Yamikani ya koma taba, rabin eka a bayan gida, bayan uwarsa ta ga masara ta tsiro a sauran gonar da idonta. Ba abin da ke kawo kuɗin makaranta a ƙasar nan kamar ta, kowa ya sani, Eneless ma ba ta ce masa kada ya yi ba. In lokacin tantance ganye ya yi yakan zo ya durƙusa ya ce, "Gwaggo, idonki nake roƙo." Takan je ta zauna a rumfar da wanta ya gina, ta ware masa mai kyau daga maras kyau, hannunta na aiki bakinta a rufe.

Ranar da mota za ta zo kwasar diloli ce kawai ba a ganin ta. Tun da sassafe take saɓa fartanya ta tafi gona mai nisa, can gefen rafi, ko da babu abin nomewa, ba ta dawowa sai ƙarar injin ta ɓace. Bara da ta fito, ta tarar da Nankhoma tsaye a kan hanya da tata fartanyar da gorar ruwa. Ba wadda ta tambayi 'yar'uwarta inda za ta. Suka tafi, Nankhoma a gaba.